Zangon da ke Cikina

Shekara arba'in ina sayar da goro a Asawase,
farsa ɗaya da asuba, sai in ce na karya.
Yau ciki ya zo karɓar bashinsa:
wuta a ƙasan ƙirji,
kamar an manta garwashi a cikin huhu.

A asibitin Manhiya suka ce gyambo ne,
wata ƙwaya ta haƙa rami ta zauna.
Aka ba ni magani kala uku,
biyu mayaƙa, ɗaya mai yayyafa wa tsami ruwa.
Kwana huɗu wutar ta lafa,
sai ga ni ina safa da marwa
tsakanin rumfa da bayan gida,
buta a hannu, ciniki na wucewa.

Adwoa mai kemis ta saurare ni har ƙarshe,
ta ce da Hausarta mai ƙamshin Asante:
"Baba Tanimu, cikinka zango ne.
Akwai ɓarawo, akwai mai shara, akwai mai tuwo.
Maganin nan ba ya tambayar suna.
Ka tuna rusau a bakin Kejetiya?
Rumfar macuci da ta mai ƙosai,
katafila ɗaya."

Ta miƙo 'yar kwalba mai sanyi.
"Waɗannan baƙi ne, da ransu,
dangin masu kwantar da madara ta zama kindirmo.
Ka ba su masauki."

Ni kuwa, mai gaggawar kasuwa,
na haɗa su duka a tafi ɗaya,
mayaƙa da baƙi,
na kora da koko mai tururi.
Kwana uku, buta ba ta huta ba.
Na koma na ce, "Baƙinki ragwaye ne."

Ta yi dariya har ta dafa kanta.
"Ka sauke su a tasha ana tsakiyar rusau,
ka kuma yi musu wanka da tafasasshe!
Bar awa biyu a tsakani, ko uku.
Kada ka sallami mayaƙa don ka ga sauƙi,
sai sun cika kwanakinsu.
Su kuma baƙi, ban yi maka alkawari ba:
wani cikin su zauna, wani su kwana su wuce.
Kuma kada ka ɗebar wa maƙwabcinka mai doguwar jinya,
wannan maganar likitansa ce."

Ba ni da agogo sai ladan.
Mayaƙa bayan asuba,
baƙi idan hantsi ya taɓa kwanon masallaci.
Mayaƙa da magariba,
baƙi lokacin da mai shayi ke kife kofuna.
Ranar da aka ɗauke wuta,
Fusena ta naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma
ta jingina ta da randa
tana cewa, "Baba, kada mutanenka su mutu."

Mutanena.
Kalmar ta kwana tare da ni.
Kakana ya sauko daga Salaga da jakuna biyu da kanwa,
aka nuna masa fili a bayan gari,
aka ce ya jira ƙura ta kwanta kafin ya kafa bukka.
An ce baƙo raɓa ne.
To, ga mu nan a Kumasi, raɓa ta yi jikoki.

Yau kwana goma sha huɗu.
Buta ta koma aikin alwala.
Ban sani ba ko baƙin ne,
ko rusau ne ya ƙare don kansa,
Adwoa ma kafaɗa ta ɗaga.

Da asuba na sa hannu a aljihu,
ga farin goro, ɗan daushe.
Na shinshina.
Na tuna akwai masu barci a ciki
da ba su gama rufin ɗaki ba.
Na mayar da shi,
na ce Fusena ta dama mini kunu,
ta bari ya huce.